Amana da Lissafi a Ƙungiyoyin Agaji Masu Gina Gidaje: Misali daga Arewacin Kamaru

1.0 Gabatarwa

A damunar 2012 kogin Binuwai ya cika ya batse, ambaliya ta rusa gidaje da dama a Garwa da ƙauyukan da ke ƙasa da madatsar ruwa ta Lagdo. Bayan irin wannan masifa akan tara gudunmawa domin sake gini, daga baya kuma a ji mutane suna tambayar ina kuɗin suka shiga. Wannan takarda za ta yi bayanin yadda ƙungiyar agaji mai gina gidaje masu rahusa take juya kuɗinta, da kuma wajen waɗanda take ba da bahasi. Ɗalibi ya lura da kalmomin amana da asusu da gayya da bahasi.

2.0 Asusu Mai Juyawa

Fitaccen misali a duniya shi ne Habitat for Humanity, wadda Millard Fuller da matarsa Linda suka kafa a 1976 a jihar Jojiya ta Amurka, bayan sun gwada tsarin a garin Mbandaka na ƙasar Zayar. Ƙungiyar ba ta ba da gida kyauta. Iyali sukan sa hannu a aikin gini kamar yadda ake gayya, sannan su biya kuɗin gidan kaɗan-kaɗan. A tsarin asali babu riba kuma babu kuɗin ruwa. Abin da suka biya yakan koma asusu a gina wa wasu.

Bari mu ƙaddara gida ɗaya ya ci sefa miliyan 3, za a biya cikin shekara 10, wato sefa 25,000 a wata. Iyali 10 za su mayar da miliyan 3 a shekara, kuɗin sabon gida ke nan. Idan uku daga cikinsu suka daina biya, abin da zai shigo miliyan 2 ne da dubu 100, iyalin da ke jiran layi kuma su sake damuna a gidan haya. Saboda haka adadin masu biya a kan lokaci ya fi adadin gidajen da aka buɗe da biki nuna lafiyar ƙungiya.

Tsadar kaya ma takan cinye asusu. A Janairun 1994 an rage darajar sefa da rabi, farashin kwano da ƙarfe ya tashi, alhali bashin da ke kan iyali yana nan yadda aka rubuta shi. Dabarar da aka yi amfani da ita a wasu ƙasashen Afirka ita ce ƙidaya bashi da buhunan siminti, a biya bisa farashin ranar biya.

3.0 Abin da Doka Ta Tanada

A Kamaru dokoki biyu ne ginshiƙi. Doka mai lamba 90/053 ta 19 ga Disamba 1990 ta ba da 'yancin kafa ƙungiya, amma ta hana ƙungiyar da aka yi wa rajista kawai karɓar tallafin gwamnati ko kyauta ko wasiyya, sai wadda aka amince da ita a matsayin mai amfanar jama'a. Doka mai lamba 99/014 ta 22 ga Disamba 1999 ta tsara ƙungiyoyi masu zaman kansu: su nemi amincewar ma'aikatar mulkin cikin gida, su kuma riƙa miƙa mata rahoton aiki da na kuɗi duk shekara.

Bugu da ƙari, ƙungiyar OHADA, wadda Kamaru da Nijar suke cikin ƙasashenta 17, ta zartar da tsarin lissafi na ƙungiyoyin da ba na neman riba ba a Yamai a Disambar 2022. Ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2024, ya kuma wajabta ajiye littafin sunayen masu ba da gudunmawa.

4.0 Inda Kuɗi Kan Zurare

Ɓaraka takan fito ta wurare uku. Na farko sayen kaya, inda ake ƙara farashi a rasit ko buhuna su ɓace tsakanin shago da wurin gini. Maganinsa shi ne mai saye daban, mai ajiya daban, mai biya daban. Na biyu zaɓen masu amfana, inda dangi kan shiga gaban mabukata, shi ya sa ake kafe sharuɗɗa da sunaye a bainar jama'a. Na uku fili: gidan da aka gina a filin da ba shi da takardar mallaka yana iya salwanta da duk abin da aka kashe masa.

5.0 Kammalawa

Ƙungiya tana ba da bahasi ga mai gudunmawa da hukuma da kuma iyalin da ke biya, waɗanda aka fi mantawa da su. Kowane biya yana bukatar rasit, kowace shekara kuma mai binciken kuɗi daga waje. Shugaba ma yana ƙarƙashin wannan tsari, domin a 2005 kwamitin amintattun Habitat ya sallami Fuller kansa bayan saɓani, ƙungiyar kuma ta ci gaba da aiki.

Aiki: Ɗalibi ya kwatanta asusu mai juyawa da adashi a cikin sakin layi biyu.