Lamu, tsibirin da jaki ya gaji mota

Tsibiri ƙasa ce wadda ruwa ya kewaye ta ko'ina. A gabashin Afirka, cikin ƙasar Kenya, akwai wani tsibiri a bakin tekun Indiya. Sunansa Lamu. Yawancin mutanensa Musulmi ne, harshensu Suwahili.

Baƙo ba ya shiga Lamu da mota. Wanda ya biyo hanya, motarsa tana tsayawa a Mokowe, bakin ruwa. Wanda ya zo ta sama yana sauka a tsibirin Manda. Dukansu sai sun shiga jirgin ruwa su haye. Ta sama ta fi kwanciyar hankali, don ƴan bindiga sun sha tare hanyar mota.

Me ya hana mota? Lungunan tsohon garin matsattsu ne ƙwarai. Wani wurin, jaki da kaya ya cika hanya, mai tafiya sai ya raɓe jikin bango. Jaki ke ɗaukar yashi da dutse da buhunan abinci, shi ke kai mutane unguwa. Jakunan sun kai dubbai. A 1987 har asibiti aka buɗe musu, ana yi musu magani kyauta. Yanzu ƴan kabu-kabu sun shigo, amma babur bai iya kayan jaki ba.

Daga garin Lamu zuwa ƙauyen Shela wajen kilomita 3 ne, ana zuwa da ƙafa ta bakin teku. Amma mai son ganin aikin hannu ya tafi Matondoni. Can ake sassaƙa jiragen katako na masunta. Ana ɗaura musu babban ƙyalle, iska ce ke tura su. Can kuma ake saƙa tabarmi da ganyen kaba.

Lokacin Mauludi gari yana cika, baƙi suna taruwa a masallacin Riyada. Ana tseren jakuna da na jirage. Mai zuwa ya nemi masauki tun da wuri, ya kuma sa tufafi na mutunci.

Masunta dai suna da damuwa. An gina babbar tashar jiragen ruwa kusa da tsibirin, an buɗe ta a 2021. Haƙar teku ta ɓata musu wuraren kamun kifi. Sun kai ƙara, a 2018 kotu ta ce a biya masunta 4,600 diyya.