TARAGON WASIƘU: DAGA WASAN YARA ZUWA JIRGIN GASKIYA

Bayan kaka, idan an kai gero rumbu, kara ya zama na yara. A Tsibiri, a Jiratawa da unguwannin Maraɗi, yaro yakan fere kara, ya yanka totuwa, ya zagaye sakaina ta zama ƙafa, kafin la'asar ga mota tana bin zare a bayansa. Wani da gwangwani da waya yake tasa. Babba ya wuce ya yi murmushi, ya ce wasan yara ne. To, amma a wasu ƙasashe dattawa masu furfura su ma suna irin wannan wasa, kuma ba su ɗauke shi abin raini ba.

A Turai da Amurka akwai masu tara ƙananan jiragen ƙasa da aka ƙera daidai da siffar na gaskiya. Kamfanoni irin su Märklin a Jamus, Jouef a Faransa da Hornby a Ingila sun yi suna a wannan sana'a. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne wanda ake rage kowane abu sau 87. Ke nan tarago mai tsawon mita 26 sai ya koma kamar santimita 30, bai kai kamu ɗaya ba, amma ƙofofinsa da tagoginsa da lambarsa duk suna nan. Cikin waɗannan taragu akwai wanda masu tarawa suke ji da shi, wato taragon wasiƙu. Na Hornby har yana da 'yar raga a gefe, tana cafke ƙaramin buhu alhali jirgin yana gudu. Ba ƙirƙira ba ce, kwaikwayon abin da ya faru ne.

Taragon wasiƙu na gaskiya gidan waya ne mai tafiya bisa dogo. An soma shi a Ingila a shekarar 1838, Faransa ta bi baya cikin shekarun 1840, Amurka kuma a 1864. A cikinsa akwai dogon tebur da ƙananan akwatuna jere a bango kamar ɗakin tattabaru, kowane da sunan garinsa. Ma'aikata suna tsaye dare farai, jirgi yana girgiza, suna rarraba wasiƙu. Dole mutum ya haddace ɗaruruwan garuruwa da mahaɗar hanyoyinsu, domin kuskure ɗaya yana iya ɓatar da saƙo kwana da kwanaki. A ƙananan tashoshin da jirgi ba ya tsayawa, ana rataye buhu a jikin wani ƙarfe, taragon ya fizge shi a guje, a kuma jefo na garin. Amfanin dabarar a bayyane yake: lokacin tafiya ya zama lokacin aiki, wasiƙa ta iso da asuba a shirye.

Ƙasar Hausa ba ta rasa rabonta ba. Dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930, kuma jiragen Nijeriya sun ja taragun da ake rarraba wasiƙu a cikinsu. Sai dai duk waɗannan rassa sun tsaya kudu da iyaka. Ɗan ci-ranin Gobir da ya tafi Ikko ko Ibadan, in ya sa an rubuta wa gida, takardarsa za ta hau jirgi zuwa Arewa, daga nan sai mota, ko kuwa hannun wani ɗan gari mai komawa. Idan ta iso Tsibiri, saura neman mai karantawa, sirrin gida ya shiga kunnen bare. Waɗanda suka zauna ajin yaƙi da jahilci sun fi kowa sanin zafin wannan, don da yawa cikinsu shi ne ya kai su ga alli da allo.

Ta wajen yamma ma haka abin yake. Dogon da ya taso daga Kwatano ya tsaya a Paraku a 1936, bayan kilomita 438. Gyaɗar Maraɗi, wadda a da ta Kano take fita, cikin shekarun 1950 aka juya wani kashi nata zuwa can a manyan motoci. A 1959 Nijar da Dahomai suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta OCDN don kula da wannan hanya, amma dogon bai ƙetaro ba. Wanda aka shimfiɗa tsakanin Yamai da Doso, aka yi bikinsa a 2016, bai shiga jigilar jama'a ba. Saboda haka Bagobiri ya daɗe yana cin moriyar jirgin da bai taɓa tsayawa a ƙofarsa ba.

A halin da ake jira, taragon wasiƙu shi kansa ya yi ritaya. Amurka ta dakatar da nata na ƙarshe a 1977, Ingila a 2004, jirgin gidan waya mai tsananin gudu na Faransa, wanda ya soma aiki a 1984, ya ajiye a 2015. Mota da jirgin sama da injin rarraba wasiƙu suka karɓe aikin, wayar salula ta zo ta ƙarasa. Yau wanda yake son ganinsa sai a gidan tarihi, ko bisa teburin masu tara ƙananan jirage. Abin wasa ne ya riƙe tarihin abin gaskiya.

A watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin dogo mai kilomita 284 daga Kano, ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, zuwa Maraɗi. Ranar da jirgi zai yi kuka a wannan jaha, ba wasiƙu ne za su cika shi ba, sai albasa, wake, dabbobi, siminti da ƙunshin saƙon 'yan kasuwa. Amma darasin tsohon tarago yana nan: jirgi ba ya amfani sai da mutanen da suka iya karatu, suka san lissafi, suka riƙe lokaci da amana. Zai buƙaci makanikai, masu walda, masu juya layi da magatakarda. Idan ba a tanade su a gida ba, daga wani wuri za a kawo su.

A nan ne ya kamata iyaye da malamai da hukumomi su sake duban yaron nan mai motar kara. Wanda ya gane da kansa cewa ƙafa huɗu sai sun daidaita kafin mota ta miƙe, ya riga ya taka matakin farko na ilimin ƙira. Kada a kore shi da tsawa. A sa shi makaranta, a nuna masa ma'auni, a buɗe masa ƙofar koyon sana'a. Da ma Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.