Kafin a Kwance Injekta, a Leƙa Tanki

Babu gona a Ƙofar Mazugal, amma da zarar hadari ya fara haɗuwa a watan Mayu, matsalolin gona kan shigo gari a cikin buhu. Tsakanin wannan ƙofa da maƙwabciyarta Ƙofar Ruwa, inda kasuwar ƙarafa da kayan gyaran injuna take, ba wuya ka ga mutum ya sauko daga Adaidaita Sahu rungume da wani ƙarfe naɗe da tsumma, yana cigiyar mai gyaran injekta. Daga Kura yake, ko Bichi, ko Ɗambatta. Tarakta ta mutu ana tsakiyar huɗa, makanikin ƙauye ya ce injekta ce, aka kwance.

Sau da yawa injektar lafiyarta ƙalau. Idan ma ta lalace, wani abu ne daga baya ya lalata ta, kuma yana nan yana jiran a mayar da ita ya sake. Abin da ke damuna shi ne kwanakin da ake ɓatawa, domin manomin da ya yi hayar tarakta ba zai iya roƙon damina ta dakata masa ba.

Yawancin taraktocin da ke hannun jama'a tsofaffi ne: Fiat da kamfanin NTM ya riƙa harhaɗawa a nan Kano, Steyr ta Bauchi, da Massey Ferguson irin su 165 da 375 masu injin Perkins. Da yawansu ta hannun gwamnati suka shigo, a shekarun da suka biyo bayan kammala madatsar Tiga a 1974, lokacin da noman rani ya bunƙasa a Kadawa, kuma hukumomin gwamnati ke ba da haya. Tsufansu yana da amfani guda. Ba su da kwamfuta, don haka mai sifana da haƙuri yana iya gano ciwonsu a bakin gona.

Injin dizal ba shi da fulogi. Fistin ne ke matse iska har zafinta ya haura digiri 500, sai nozul ya fesa mai a ciki, ya kama da kansa. Kafin man ya isa can, yana fitowa daga tanki, ya bi ta kwalbar da ke tare ruwa, ƙaramin famfo ya tura shi cikin filta, sannan injekta ta matsa shi da ƙarfin da ya ninka nauyin iskar da muke shaƙa fiye da sau 150. Gibin da ke tsakanin ƙarafan cikin injekta bai wuce maikiron biyu zuwa uku ba, alhali kaurin gashin mutum yana kai wa 70. Ke nan ƙurar hunturu da ido ba ya gani ta isa ta ci su. Injektar CAV mai juyawa, wadda ke jikin yawancin injunan Perkins, ba ta da baƙin mai nata; gas ɗin da ke ratsa ta shi ne ke sa mata santsi. Duk abin da aka zuba a tanki, ita za ta sha.

To me ake zubawa? Tun da farashin gas ya yi tashin gwauron zabo a 2022, mai tarakta ya koma neman sauƙi wajen 'yan bumburutu, a jarkar da ba a san abin da ta ɗauka jiya ba. Wani man an haɗa shi da kananzir. Inji zai tashi, har ya yi aiki, amma kananzir ba shi da maiƙon gas, sai ƙarfe ya riƙa gogar ƙarfe har injekta ta kasa tara ƙarfi. Alamarta sananniya ce: tarakta ta tashi da safe, amma idan ta ɗauki zafi aka kashe, sai ta ƙi tashi sai ta huce.

Ruwa ma ba dole sai wani ya zuba ba. Tankin da ya kwana rabi a damina yana cike da iska mai laima, sanyin dare ya mayar da ita ɗigo a jikin ƙarfe. Ruwa ya fi gas nauyi, sai ya kwanta a ƙasa, ya kawo tsatsa, ƙwayoyin halitta su hayayyafa a inda ya haɗu da mai, su zama baƙin yauƙi mai toshe filta. Shi ya sa cika tanki da yamma ya fi cika shi da safe. Duron gas kuma a bar shi ya kwana a karkace kafin a ɗiba, kada a taɓa na gindi.

Idan tarakta ta mutu, a bi man daga inda ya fito. A fara da abin da ba ya cin kuɗi. Wayar kashe inji ta koma mazauninta? Famfon ƙarƙashin tanki a buɗe yake? A kwance murfin tanki a saurara: idan aka ji ya zuƙi iska, ƙaramar hudar da yake numfashi da ita ta toshe, ko da ƙura ko da ginin zanzaro, musamman a taraktar da ta shafe rani a ajiye. Irin wannan takan yi aiki na ɗan lokaci ta mutu, ta huta ta sake tashi. Sannan a cire tiyo a ga ko mai na zubowa sosai ko ɗiga yake yi, a duba kwalba, a canja filta. Wanke filtar takarda da fetur a mayar ba tattali ba ne, domin takardar ta riga ta buɗe, dattin zai wuce kai tsaye.

Sai batun shan iska. Tiyon da ya tsage tsakanin tanki da ƙaramin famfo ba lallai ya zubar da mai ba, tunda a nan zuƙa ake yi, sai ya ja iska ciki ba tare da an ga jiƙa ba. Fitar da ita yana da tsari. A sassauta sukurun kan filta, a riƙa danna hannun ƙaramin famfo har mai ya fito ba kumfa, a ɗaure. A yi haka ga sukurorin jikin injekta. Daga nan a sassauta bututun da ke shiga nozul, a buga kik har mai ya tsarto, a ɗaure. Idan hannun famfon ya yi sako-sako, a ɗan juya inji kaɗan, zai kama. Idan kuma aka ga baƙin mai yana ƙaruwa da kansa yana warin gas, mai yiwuwa robar cikin wannan famfo ce ta yage.

Hayaƙi yana taimakawa. Baƙi na nufin mai ya fi iska yawa, kuma a ƙasarmu filtar iska ce abin zargi na farko kafin nozul. Fari mai yaji a ido man da bai ƙone ba ne, shuɗi kuwa baƙin mai ne, maganar ringi ke nan. Idan inji na tsallake, a sassauta bututun nozul ɗaya bayan ɗaya yana kunne. Wanda aka sassauta ƙara ba ta canja ba, a nan ciwon yake.

Abu biyu nake roƙon matasa direbobi su bari. Na ɗaya, laluben yoyon bututu da hannu inji na aiki, domin man yana iya huda fata ya shiga nama, abin da kan kai ga yanke yatsa idan ba a garzaya asibiti ba. Na biyu, kanga tsumman fetur a bakin iska don tarakta ta tashi. Tana tashi, amma da bugun da ke karya ringi.

Sai duk waɗannan sun fita daga zargi sannan a kwance injekta, kuma kada a buɗe cikinta a ƙarƙashin bishiya iska na kaɗa ƙura. A toshe bakunanta, a haɗo da nozul duka, a kai wa mai na'urar gwaji. Kafin ta dawo, a sauke tanki a wanke, a busa bututai, a sa sabuwar filta, a kuma zubar da ragowar man jarkar da aka yi amfani da ita ranar da abin ya faru.