Neman Sanƙarau a Ɗakin Karatun Likitanci: Darasi daga Filinge

A watan Satumba na shekarar 2010, gundumar kiwon lafiya ta Filinge, a jihar Tillaberi, ta zama wuri na farko a Nijar da aka fara yi wa jama'a allurar MenAfriVac, wato rigakafin sanƙarau nau'in A. An yi wa waɗanda shekarunsu suka kama daga 1 zuwa 29, kafin a faɗaɗa aikin zuwa sauran sassan ƙasa. Masana sun bi sawun wannan aiki, sun kuma wallafa sakamakon bincikensu a mujallun likitanci na duniya. Sai dai ɗan Kurfai da aka yi wa allurar yana yaro, idan a yau ya zama ɗalibi ya zauna gaban kwamfuta ya rubuta "sanƙarau" da "Filinge" a rumbun bayanan likitanci, da wuya ya ga ko ɗaya daga cikin waɗannan rubuce-rubuce. Suna nan, ba su ɓata ba. Kalmomin da ya yi kira da su ne rumbun bai sani ba.

Ɗakin karatun likitanci na wannan zamani ya wuce kantoci da littattafai. A Tsangayar Kimiyyar Lafiya ta Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai, da Faransanci ake koyarwa, da shi kuma ɗalibai ke rubuta kundin kammala karatu. Mafi yawan sabon bincike kuwa da Ingilishi yake fitowa, kuma ta intanet ake isa gare shi. PubMed, wanda Babban Ɗakin Karatun Likitanci na Amurka ke gudanarwa, kyauta ne tun 1997. A watan Janairu na 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin Hinari tare da manyan maɗaba'u shida, domin cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su karanta mujallu ba tare da biyan kuɗi mai yawa ba, kuma Nijar na cikin rukunin da ke shiga kyauta. Matsalar kuɗi ta ragu ke nan. Wadda ta rage ta harshe ce, kuma ita ce ta shafi ɗalibin kimiyyar harshe.

Yadda rumbun ke gane tambaya

Kowace maƙala da aka shigar cikin ginshiƙin PubMed ana liƙa mata kanun batutuwa daga wani tsararren jerin kalmomi mai suna MeSH, wanda aka fara bugawa a 1960, ake kuma sabunta shi kowace shekara. Ƙa'idarsa ita ce batu ɗaya, suna ɗaya. Amma da yake mutane ba sa magana da suna ɗaya, an tanadi wasu kalmomi da za a iya kira ƙofofin shiga: wanda ya rubuta "cancer" za a kai shi ga kanun "Neoplasms" ko da bai taɓa jin kalmar ba. Cibiyar Inserm ta Faransa tana fassara jerin zuwa Faransanci, don haka mai "méningite" yana da hanyar da zai bi ya gano kanun da ya dace. Mai Hausa ba shi da irin wannan ƙofa. Dole ya fassara tunaninsa daga Hausa zuwa Faransanci, sannan zuwa Ingilishi, kuma a kowace gaɓa akwai abin da ke zubewa.

Kalmar "sanƙarau" kanta ta isa misali. Ta samo asali daga aikatau "sanƙare", da ɗafa-ƙeyar -au irin wadda ke cikin "mantau" da "makarau". Wato Bahaushe ya raɗa wa cutar suna daga abin da idonsa ya gani, sanƙarewar wuya. Likita kuma ya raɗa nasa sunan daga abin da ido ba ya gani, kumburin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, sannan ya rarraba cutar bisa ƙwayar da ta haddasa ta. Wannan bambanci yana da sakamako. A 2015 annobar sanƙarau ta auka wa Nijar, musamman Yamai da jihohin Doso da Tillaberi, ta kama mutane sama da 8,000, fiye da 500 suka rasu. Nau'in C ne ya yi wannan ɓarna, kuma allurar 2010 ba ta kariya daga gare shi. Ga ma'aikacin lafiya, ƙwayoyi biyu ne daban. Ga uwar da ta kai ƴaƴanta rigakafi shekaru biyar kafin nan, suna ɗaya ta ji a lokutan biyu, kuma tana da hujjar tambayar amfanin allurar farko. Wanda zai ba ta amsa yana bukatar Hausar da za ta raba nau'i da nau'i, ba kuma zai samu wannan Hausar a mujallar da ya karanta ba.

Sai batun ƙugiya. "Sanƙarau" da ƙ ake rubuta ta, "sankara" kuwa, wato ciwon daji, da k. A tsarin Unicode, é ta Faransanci ana iya warware ta zuwa e da alamar samanta, shi ya sa yawancin manhajojin bincike ke ɗaukar "Filingué" da "Filingue" a matsayin abu ɗaya. Ƙ kuwa harafi ne mai zaman kansa. Manhajar da ba ta daidaita shi da k za ta raba "sanƙarau" da "sankarau", alhali mutane da yawa ba sa sa ƙugiya idan suna rubutu a waya. Wadda take daidaita su kuma, da zarar mai bincike ya gutsure kalmar don ya kamo dukkan sigoginta, za ta haɗa masa sanƙarau da sankara a jeri guda. Sunan garin ma bai tsira ba: mai rubutun Hausa zai sa "Filinge", babu u, kuma wannan harafi ɗaya ya isa ya ɓoye masa maƙalun da aka yi kan garinsu.

Akwai kalmomin da suka fi wannan wuyar sha'ani. "Shawara" tana iya nufin ɗorawar ido da jiki a matsayin alama, tana iya nufin ciwon hanta, ana kuma amfani da ita ga cutar da Faransanci ke kira "fièvre jaune". Kanu ɗaya ba zai ɗauke ta ba. Abin da Kano ke kira "zazzaɓi", yamma ta fi saninsa da "masassara". A Nijar mutum kan ce zai tafi "likita" yana nufin wurin da ake duba marasa lafiya, alhali a Nijeriya likita mutum ne, wurin kuma asibiti. Ta fuskar furuci, Kurhwayanci na cikin kare-karen yamma da ke da hw a inda daidaitacciyar Hausa ke da f kafin wasalin a, don haka ciwon "fata" zai fito a bakin majinyaci a matsayin ciwon "hwata". Ba a ma taɓo Zabarmanci da Tamashek ba, waɗanda su ma ake ji a kasuwannin yankin.

Abin da ya rage wa manazarta harshe

Ba daga sifili za a fara ba. Ƙamusun Bargery na 1934 ya ƙunshi sunayen cututtuka masu yawa, kuma sau da dama yana nuna garin da aka ji kalma. Abdou Mijinguini ya yi ƙamusun Hausa zuwa Faransanci, wanda ya fi dacewa da ɗalibin Nijar. Jean-Guy Malka ya kwatanta furucin Hausar Filinge da na daidaitacciyar Hausa a mujallar Harsunan Nijeriya a 1978. Lewis Wall kuma ya wallafa littafi kan maganin Hausawa a 1988, bayan bincike a ƙasar Malumfashi. Ba don injin bincike aka tsara waɗannan ayyuka ba, kuma abin da aka ji a Malumfashi ba lalle ne ya zama abin da ake faɗa a Dallol Boso ba.

Tun da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a kundin da hukumomin Nijar suka ƙaddamar a watan Maris na 2025, magana ta ƙaru kan ƙirƙirar sababbin kalmomin kimiyya. Ƙirƙira tana da gurbinta, amma a fagen lafiya bai kamata ta zo farko ba. Kalmar da kwamiti ya sassaƙa ba ita majinyaciya za ta furta a gaban malamin asibiti ba. Abin da ya fi gaggawa shi ne tattara waɗanda ke bakin mutane, a yi wa kowace kati guda: yadda ake rubuta ta da ƙugiya da kuma babu ƙugiya, yadda ake furta ta, garin da aka ji ta, alamun da mai magana ya bayyana, da dukkan kanun Faransanci da na MeSH da za ta iya faɗawa ƙarƙashinsu. Inda kalma ta dace da kanu uku, a rubuta ukun, kada a zaɓi ɗaya don kawai jadawali ya yi kyau.

Aikin yana bukatar mutum uku: ɗalibin harshe da zai yi hira ya rubuta furuci, ɗalibin likitanci da zai tantance alamu, da ma'aikacin ɗakin karatu da ya san yadda za a ɗora sakamakon a kan kundin bincike. Idan aka taƙaita ga gunduma ɗaya da cututtukan da suka fi kai mutane asibiti, kamar sanƙarau, masassarar cizon sauro, ƙyanda da tamowa, bai fi ƙarfin kundin digiri na biyu ba. Filinge ta dace da gwajin farko, domin karin harshenta ya riga ya samu wanda ya nazarce shi, sunanta kuma ya riga ya shiga mujallun likitanci tun rigakafin 2010.