Me Ya Sami Auta a Manchester?

Auta ta tafi Ingila a watan Agustan 2022 da bizar ma'aikatan lafiya, wadda gwamnatin ƙasar ta buɗe a 2020, bayan ta yi shekaru tana aikin nas a Kano. Da farko kullum dare sai ta kira Umma ta WhatsApp, ta nuna mata bas mai hawa biyu, ta yi mata ƙorafin tsadar attaruhu. Ƙarshen Oktoba na yi, kira ya ɗauke. Kuɗin da take turowa bai fasa zuwa ba, amma in an same ta a waya, daga "lafiya lau" sai shiru. Wata abokiyar aikinta 'yar Zariya ta shaida mini cewa a asibiti ma haka take, tana yin duk abin da aka sa ta, amma hankalinta ba ya wurin.

A gida kowa da tasa fassarar. Gwaggo ta ce bakin mutane ne, a yi mata sauka. Kawu ya ce ta samu wuri ta manta da mu. Ni kuwa na san ƙanwata, don haka na ɗauki wayar Umma na bi jerin kiran ɗaya bayan ɗaya.

Kiran dare na ƙarshe ya zo ranar Asabar, 29 ga Oktoba. Washegari ita ce Lahadin ƙarshe ta watan, ranar da Birtaniya ke mayar da agogo baya da awa ɗaya. Kafin nan agogonsu da namu ɗaya ne, bayan nan muna gabansu da awa guda har ƙarshen Maris. Auta na tashi aiki ƙarfe takwas, ta isa ɗaki wajen tara, tana riskar Umma kafin ta kwanta. Yanzu taran can ta zama goman Kano, Umma ta riga ta yi barci. Wannan ya warware mini daren ranakun aiki. To ranakun hutu fa?

Sai na koma kan jikin Auta. Ta ce gajiya ba ta sakinta, ƙasusuwa na yi mata ciwo. A Disamba rana ba ta fitowa a Manchester sai bayan takwas na safe, kafin huɗun yamma kuma ta faɗi. Mai shiga aiki bakwai da rabi ya fita takwas, da duhu ya shiga, da duhu zai fita. Azahar, La'asar da Magariba duk sun matsu cikin 'yan awoyi a tsakiyar aiki, ga shi ba kiran sallar da zai tuna maka. 'Yar Zariyar ce ta matsa mata ta ga likita, gwajin jini ya nuna bitamin D ɗinta ya yi ƙasa. Hukumar lafiya ta NHS da ma tana ba da shawarar shan maikirogiram 10 kullum a watannin sanyi, masu baƙar fata kuma su sha duk shekara. Ta sha magani, ciwon ya lafa, muryar dai ba ta dawo ba.

Akwai kuma aikin kansa. Kafin baƙuwar nas ta ci jarrabawar gwaji ta OSCE, hukumar NMC ta ba ta lambar rajista, matsayin mataimakiya take riƙewa: wanka, ciyarwa, canza zanin gado. Ko bayan Auta ta ci, sai da aka sake tantance ta kafin a bar ta ta sa wa majinyaci ƙarin ruwa, ita da ke samun jijiyar yaro da hasken tocilan in an ɗauke wuta. Wannan ya ci mata rai ƙwarai. Amma a Janairu an sakar mata hannu, tana nan yadda take.

Wata ranar hutunta na kira ta, na ce ba zan ajiye wayar ba sai ta ba ni labarin sashen da take aiki, gado bayan gado. Sashen tsofaffi ne. Ta ce a Kano kowane majinyaci da mai jinyarsa a kan tabarma gefen gado, ga kulolin abinci, ga 'yan dubiya har sai an kore su. Can kuwa ziyara da lokacinta, wasu ma ba mai leƙo su. Akwai wata tsohuwa da ƙwaƙwalwarta ta rikice, tana riƙe hannunta tana kiranta da sunan 'yarta. Da dare ta cika, ba kowa a kanta sai Auta.

"Yaya," ta ce, "ni ce fa nake auna wa Umma jini kowace safiya. Yanzu iyayen wasu nake shafa wa mai. Ita wa ke duba ta?"

Ashe abin da ya hana ta kira ko a ranar hutu ke nan. In ta ga fuskar Umma kuka zai ƙwace mata, kuma ta san fili aka sayar aka biya mata kuɗin jarrabawa. Da wane baki za ta ce gida take so? Abin da ke ba ni takaici, duk mai gaishe ta daga nan da "kin huta" yake farawa, da canjin fam yake ƙarewa. Ba a bar mata ƙofar cewa ba ta jin daɗi ba.

Na sayi na'urar awon jini, kowace safiya in auna Umma in tura wa Auta sakamakon, ita ke cewa a rage gishiri ko a koma asibiti. Kiran ya koma lokacin hutunta na cin abincin rana. Ta ɗauki hutu ta zo Ƙaramar Sallah a Afrilun 2023, da ta koma ta nemi a sauya mata sashe, aka mayar da ita ɓangaren tiyata.