Yadda ake kula da kilt na akirilik don kada zarensa ya cure

Duk wanda ya kalli gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasashen Turai da aka yi a Jamus a shekarar 2024, zai tuna da dubban magoya bayan Sikotland da suka cika tituna sanye da kilt, wato siket ɗin maza mai zanen layuka masu gilma juna, wanda ya zama alamar ƙasar.

Sai dai ba kowane kilt ne ake ɗinkawa da ulun tumaki kamar yadda aka gada ba. Da dama daga cikin masu araha da zaren akirilik ake yin su, kuma babban aibinsu shi ne ƙananan cure-curen zare da kan fito a jikin yadin, su sa sabuwar tufa ta yi kama da tsumma.

Tufa mai tarihi da tsada

Kilt dai ya samo asali ne daga mazauna tsaunukan arewacin Sikotland tun ƙarni na 16. Bayan yaƙin Culloden a shekarar 1746, majalisar dokokin Birtaniya ta haramta wa mutanen yankin sanya shi, in ban da sojoji, kuma ba a soke dokar ba sai a 1782.

Martabarsa ta ƙara ɗaukaka a 1822, lokacin da Sarki George na Huɗu ya sanya shi a ziyarar da ya kai birnin Edinburgh.

Cikakken kilt na gargajiya kan ci yadi 8 na ulu mai nauyi, kuma galibi da hannu ake ɗinka ninkin da ke bayansa. Wannan ne ya sa yake da tsada, har wasu kan gwammace su yi hayarsa idan za su je ɗaurin aure.

Na akirilik kuwa, wanda ake ɗinka da yawa daga cikinsu a Pakistan, musamman a birnin Sialkot, farashinsa bai kama ƙafar na ulu ba.

Me ke sa zaren ya cure?

Akirilik zare ne na roba da ake samarwa daga sinadaran man fetur. Kamfanin DuPont na Amurka ne ya ƙirƙiro shi a 1941, daga baya ya riƙa sayar da shi da sunan Orlon.

Domin ya yi laushi irin na ulu, akan yayyanka shi gajeru-gajeru sannan a kaɗa shi. Idan yadin ya gogu da wani abu, sai bakin waɗannan gajerun zaruruwa su zaro waje, su sarƙe da juna, su dunƙule.

Ulu ma kan yi haka, to amma da yake zarensa ba shi da ƙarfi sosai, curin kan tsinke ya faɗi da kansa. Shi kuwa akirilik yana da ƙwari, don haka curin kan maƙale a jikin tufar, wasu kuma su yi ta ƙaruwa a kansa.

Ke nan gogayya ce tushen matsalar. Shi ya sa gaban kilt ne ke fara lalacewa, inda jakar fatar da ake kira sporran ke lilo a kai. Sarƙar ƙarfen da ake rataya jakar da ita tana cin yadin, don haka maɗaurin fata mai santsi ya fi.

Yadda ya kamata a wanke shi

Matakin farko shi ne a rage yawan wanki. Bayan an cire kilt, a rataye shi a inuwa ya sha iska. Idan tabo ne a wuri ɗaya, a danna shi a hankali da jiƙaƙƙen ƙyalle da ɗan sabulu, ba tare da dirzawa ba.

Idan wankin ya zama dole, a fara duba takardar da ke manne a cikin tufar. Daga nan a sa allura da zare a yi wa ninkin ɗinkin wucin gadi daga ƙasa, don kada ya warware a cikin ruwa.

Wankin hannu ya fi, a ruwan sanyi ko wanda zafinsa bai wuce digiri 30 a ma'aunin Selsiyos ba, da sabulun ruwa marar ƙarfi. A riƙa nutsa shi ana ɗagowa, kada a cuɗa, kada a sa buroshi, kada kuma a zuba bilic. A yi ƙoƙarin kada maɗauran fatar da ke ƙugu su daɗe a ruwa, domin fata kan ƙandare ta tsage.

Mai amfani da injin wanki kuwa, ya juya kilt ɗin ciki ya koma waje, ya sa shi a jakar raga ko rigar matashi, ya zaɓi wanki mafi sauƙi. Kada a haɗa shi da tawul ko wandon jins ko kaya masu zif.

Hattara da zafi

Bayan ɗauraya, kada a murɗe shi. A naɗe shi a cikin tawul don ya tsotse ruwan, sannan a shimfiɗa shi a inuwa. Injin busar da kaya na haɗa zafi da gogayya, abubuwa biyun da akirilik ba ya jurewa.

Wajen guga, a rage zafin dutsen zuwa ƙasa, a shimfiɗa ƙyallen auduga a kan yadin, a riƙa dannawa ana ɗagawa maimakon ja. Zafi mai yawa kan sa zaren ya yi ƙyalli ko ya narke, kuma hakan ba ya gyaruwa. A kuma nisanta shi daga wuta, domin yana saurin kamawa.

Idan curin ya riga ya fito, kada a tsige shi da hannu, saboda hakan na zaro wasu zaruruwan. A shimfiɗa tufar a kan tebur, a aske shi da ɗan injin da aka yi don haka, ko kuma da reza cikin natsuwa.

Alfanu ga muhalli

Rage wankin na da wani amfanin. Wani bincike da Jami'ar Plymouth ta Ingila ta wallafa a 2016 ya gano cewa wanke kilo 6 na kayan akirilik a inji sau ɗaya na iya sakin ƙananan zaruruwan roba fiye da 700,000 a cikin ruwa, waɗanda wasunsu kan ƙare a koguna da tekuna.

Waɗannan ƙa'idoji dai ba su tsaya ga kilt kawai ba. Da yawa daga cikin rigunan sanyi da huluna da barguna da ake saye a ƙasar Hausa lokacin hunturu na akirilik ne, kuma cuɗa mai ƙarfi da ruwan zafi na tsufar da su kamar yadda suke yi wa tufar mutanen Sikotland.