Gilashin gaba ne ke tona asirin motar fim

BA don mota na je Tambuwal ba. Wani matashin darakta ne ya gayyace ni lokeshin, a wani ƙauye kan hanyar Kebbe, inda su ke ɗaukar fim na tarihi. Labarin na zamanin Turawa ne, shekarar 1955: Di'o zai zo rangadi a buɗaɗɗiyar mota, hakimi da dogarai su tarye shi. Gaskiya yaran sun yi ƙoƙari. An ɗinka kaki, an samo hular kwano, an kawar da duk wata leda da robar ruwa daga fili. Furodusa ya yi hayar Land Rover tun daga Sakkwato, aka yaye mata tamfol.

Ana shirin ɗaukar fitowar ke nan sai wani dattijo cikin 'yan kallo ya tuntsire da dariya. Ashe tsohon bakanike ne. Da aka tambaye shi dalili, sai ya ce ai wannan motar ko a mafarki Di'o bai gan ta ba, don an ƙera ta bayan Turawa sun tafi da shekara ashirin da wani abu. Bai buɗe bonet ba, bai nemi takarda ba. Gilashin gaba kawai ya kalla.

Na ja shi gefe na ce, "Baba, a koya mani mana."

Land Rover ta fara fitowa a Ingila a 1948. Daga nan har farkon shekarun 1980, gilashinta na gaba falle biyu ne, shimfiɗaɗɗu, da ƙarfe a tsakani ya raba su. Firam ɗin ya na da mahaɗi a ƙasa, ana kwance shi a kwantar da shi kan bonet in ana son iska. Gilashi falle ɗaya mai tsawo bai zo ba sai da samfurin 110 a 1983. To motar da aka kawo mana falle ɗaya ce. Magana ta ƙare.

Amma ko mai falle biyu ka samu, da sauran aiki, kuma a nan ne waifa ke shigowa. A tsofaffin, kowane falle ya na da ɗan injin waifarsa na kamfanin Lucas, a manne jikin firam ta ciki, da ɗan hannu da direba zai iya murzawa da kansa. Wajen 1967 aka daina wannan, aka koma inji ɗaya a ɓoye cikin dashbod ya na jan waifa biyu. Saboda haka idan fim ɗinka kafin 'yancin kai na 1960 ne, kyamara ta leƙo ta bayan direba ba a ga waɗannan 'yan injinan ba, ka yi kuskure. Fitilu ma shaida ne: a da su na tsakiya, kusa da ragar gaba, sai a ƙarshen shekarun 1960 su ka koma gefe-gefe.

Kada 'yan ƙofofin iskar nan biyu na ƙasan gilashi su ruɗe ka. Su sun daɗe, har 2007 ana sa su. Haka nan wannan lissafi na Land Rover ne kaɗai. Jif ɗin Willys, irin wadda mu ka saba gani a finafinan Indiya, ta samu gilashi falle ɗaya tun 1949. Akwai kuma 'yan fukafukan gilashi da ake ɗaurawa a gefen firam na buɗaɗɗun motoci irin su Ford Model A da MG, don kare fasinja daga iska. Yawanci daban ake sayensu a ɗaura, don haka ba su faɗin shekarar mota.

Wani zai ce, to wa ya damu? Mai karatu, a zamanin kaset wataƙila a sha. Yanzu da ake kallo a YouTube, yaro ɗaya ya isa ya tsayar da hoto, ya zagaye gilashin da jan layi, ya watsa a Facebook. Sai a manta da wahalar wata uku, a koma yi wa fim dariya. Ni a ganina, masu kula da kayan aiki a industirinmu sun fi ba tufafi muhimmanci, mota kuwa da an ga ta tsufa ta yi ƙura, shi ke nan ta zama "ta zamanin Turawa".

Baba ya ce ya san inda wata ta gaske ta ke a cikin gari, mu ka ɗunguma da darakta. Mun makara. Jikin Land Rover na alminiyam ne, kuma masu narka tukwane na son sa. Magada sun sayar da ita a kilo. Abin da ya rage shi ne firam ɗin gilashin, falle ɗaya a fashe, da injin waifa guda a maƙale, an jingine shi ya zama ƙyauren akurkin kaji.

Kuɗin hayar wata motar babu. A ƙarshe mai kyamara ya tsugunna ya ɗauki isowar Di'o daga ƙasa ta baya, ƙura ta rufe sauran. Darakta kuwa ya sayi firam ɗin, ya ɗaura a saman bas ɗinsu, wai sai fim na gaba.